Sensa a kwandon tumatir: lamarin wani lakcara a Legas da ya fito da bincikensa daga cikin kwamfuta

Lamarin nan na wani abokina ne, lakcara a sashen injiniyan lantarki na wata jami'ar gwamnati a nan Legas, haifaffen Agege, babansa dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 tun kafin a haife mu. Ya yarda in rubuta amma banda sunansa da na makarantarsa, dan haka Malam zan riƙa ce masa kamar yadda ake kiransa a unguwa. Ni kuma gyaran waya nake yi da sayar da ƙananan kayan lantarki a Computer Village da ke Ikeja, kuma kusan duk allon lantarkin da zan ambata a nan a kan teburina aka liƙa shi da dalma.

Fannin Malam shine haɗa ƙananan sensa su riƙa magana da juna ba waya. Kowace ɗaya 'yar na'ura ce da ba ta wuce girman kwalin ashana biyu ba, tana da abu huɗu: sensar da ke auna zafi ko danshi ko girgiza, ƙaramar ƙwaƙwalwa, rediyo, sai batir. Su auna, su tura wa babbarsu da ake kira getwe, ita kuma ta hau intanet da bayanan. Abun a sigarsa ta yanzu ya samo asali ne a Amurka ƙarshen shekarun 1990, musamman jami'ar Berkeley, kuma a 1999 ne Kevin Ashton ya fara amfani da sunan da yanzu kowa ke taƙaitawa da IoT, wato Internet of Things, haɗa kayayyaki da intanet. Babbar matsalar fannin tun ranar farko har yau ɗaya ce, batir. Rediyo shi ke shanye wuta, dan haka rabin binciken duniya a kan yadda za a sa na'ura ta yi barci ne ta farka ta yi magana kaɗan ta koma.

To a jami'o'inmu ga yadda aka saba yin wannan bincike. A shekarar 2000 Wendi Heinzelman da abokan aikinta a MIT suka fito da wani tsari mai suna LEACH, inda na'urorin ke rabuwa rukuni rukuni, kowane rukuni da shugaba mai tattara saƙo, kuma shugabancin yana zagayawa dan kar batirin guda ɗaya ya mutu ya bar saura. Tsari ne mai kyau. Amma tun daga lokacin ɗalibai ba adadi a duniya, har da namu, suke buɗe MATLAB, manhajar lissafi da gwaji a kwamfuta, su watsa ɗigo 100 a wani fili na ƙarya, su canza yadda ake zaɓen shugaban kaɗan, su zana layi biyu a jadawali nasu ya ɗan fi na LEACH tsawo, shikenan takarda ta fito. Malam ma da haka yayi digirinsa na biyu, da haka aka ɗauke shi mataimakin lakcara. Ba haram bane, kuma akwai dalili, gwajin cikin kwamfuta ba ya cin ko sisi, ba ya jiran kaya daga Chaina, kuma cikin 'yan watanni ka gama. Ƙarin girma a jami'a kuma lissafi ne, daga mataimakin lakcara zuwa lakcara na II, na I, babban lakcara, har farfesa, kowane mataki akwai shekarun da za ka yi a kai, yawanci uku, da yawan takardun da ka buga, kuma ba za ka taka babban lakcara ba sai da digirin dakta.

Abun da ya sauya masa hanya yajin aikin ASUU na 2022 ne, wanda aka fara 14 ga Fabrairu aka janye 14 ga Oktoba, wata takwas ba aji ba albashi. Mai iyali ba zai zauna ba, sai ya koma Mile 12 yana riƙe wa babansa littafi. A nan ya riƙa ganin rigimar da ake yi kusan kullum idan an sauke mota. Tumatir ya taso daga Kadawa ko Kura ko Danja ko wajen Zariya, tafiyar kilomita kusan 1,000, ta Mokwa da Jebba da Ilorin da Ogbomosho da Ibadan, ya iso an buɗe kwando a tarar ƙasa ya zama ruwa, wanda zai tafi a kuɗi mai kyau ya koma esha da mata masu abinci ke saye a wulaƙance. Mai kaya a arewa yace lafiyayyen kaya ya ɗora, direba yace shi bai tsaya ko'ina ba sai sallah da shinge, dillali a tsakiya shi ake zargi da cin amana. Kowa rantsuwa yake, babu mai shaida.

Wata rana da daddare yazo shagona muna rufewa yace, "Yaya, shekara nawa ina rubuta cewa sensata za ta yi kwana ɗari kaza a fili, ban taɓa sa ko guda ɗaya a cikin komai ba. Ka taimaka min mu sa su a kwandon Baba." Ya yi wa sufabaizansa magana ya sauya taken aikin daktansa zuwa wannan, farfesan ya yarda amma ya gargaɗe shi cewa zai ci lokaci.

Zubin farko mun yi shi da abun da ke kasuwa. Allon ESP32 na kamfanin Espressif, sensar DHT mai arha ta zafi da danshi, batir 18650 irin na cikin fawa bank, muka zuba a robar da ake sa magani. Niyyar ita ce kowace na'ura a binne ta a tsakiyar kwando ta riƙa tura saƙo zuwa getwe da ke gaban mota wajen direba, shi kuma yana da modul ɗin SIM800L da layin waya yana turawa Legas. A kan tebur komai yayi aiki tsaf, har bidiyo muka ɗauka.

A cikin mota kuwa ba abun da bai lalace ba, kuma nan ne nake so mai sha'awar fannin ya tsaya ya karanta da kyau. Na farko rediyo. ESP32 a zangon 2.4 GHz yake magana, zangon da WiFi da Zigbee ke amfani da shi, kuma ruwa yana shanye wannan zangon sosai. Tumatir kuma fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Kaga kenan na'urar da ke jin getwe daga wancan ƙarshen layinmu a Ikeja, da aka binne ta aka jera kwanduna a kanta ga kuma ƙarfen jikin mota, ko mita biyu muryarta ba ta kaiwa. Duk gwajin da ya taɓa yi a MATLAB yana ɗauka iska ce tsakanin na'ura da na'ura. Na biyu batir. Irin wanda aka rubuta wa 9,900 mAh a jiki ƙarya ne tsagwaronta, na gaskiya mai kyau bai fi 2,500 zuwa 3,500 ba, kuma allon da ke farke yana neman sabis yana jan kusan 100 mA ko fiye, ka raba ka gani, kwana ɗaya da 'yan awoyi ya mutu, mota kuma idan ta samu matsala sai ta kwana biyu ko uku a hanya. A takarda an ce ESP32 idan yayi barci mai nauyi wajen 10 µA yake ja (µA dubu ne ke yin mA ɗaya), gaskiya ne amma ƙwayar kanta ake nufi, allon da ake sayarwa yana da fitila ja da ke kunne kullum da regileta AMS1117 mai daidaita wuta da ke shan nasa ko ana barci. Sai da na zauna da abun hura zafi ina ɓamɓare fitilun ɗaya bayan ɗaya ina canza regileta kafin mita ta nuna abun da ake so. Na uku SIM800L, idan zai tura saƙo yakan fizgi wuta har kusan amfiya 2 lokaci guda, batir ya ɗan yi sanyi sai getwe ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi, ga wurare masu tsawo a hanyar Neja da babu sabis kwata kwata. Na huɗu ruwan tumatir da kansa, yana da tsami, ya tsiyaya ta ramin da muka huda wa sensa, da kayan suka dawo hannuna ƙafafun allon sun yi kore shar, sensar danshi kuma ta maƙale a lamba ɗaya tun kafin a fita Kaduna.

Akwai kuma abun da ba na lantarki ba. Akwati mai wayoyi da batir da fitila a motar da ta taso daga arewa, a wani shinge aka sauke direba aka riƙe shi awoyi ana tambayarsa mene ne wannan, shi kuma bai san amsa ba. Da ya iso Legas ko gaisawa bai tsaya yi ba yace, "Malam, ni dai kar a sake saka min wannan abun, ina da 'ya'ya." Kuma wannan duk a farkon 2023 ne lokacin ƙarancin takardun kuɗi, kasuwar gwari ta rikice, ba mai hankalin sauraron wani bincike. Kakar rani ta wuce Malam bai da bayanan da zai rubuta ko shafi biyar.

Abun da ya hana shi jefar da aikin wasu tsoffin takardu ne biyu da farfesansa ya ba shi. Ɗaya kan tsibirin Great Duck a jihar Maine ta Amurka, inda a 2002 masu bincike suka sa irin waɗannan na'urori a ramukan tsuntsayen teku, danshi ya kashe musu da yawa. Ɗayar ta 'yan jami'ar Delft ce a Holan, da suka baza sensa kusan 100 a gonar dankali a 2005, abun da ya iso musu na bayanai bai fi kashi 2 cikin 100 ba, suka zauna suka rubuta duk yadda abun ya rushe dalla dalla, kuma har yau ana karanta takardar ana ambatonta. Farfesan yace masa waɗanda ke da kuɗi da kayan aiki ma haka ta faru da su, bambancin kawai su sun rubuta.

Zubi na biyu ya zo da tsada dan a Yunin 2023 aka saki naira, dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 zuwa Fabrairun 2024, kuma kusan komai na wannan sana'a daga Shenzhen yake zuwa. Daga albashinsa da ɗan abun da babansa Alhaji ya tallafa aka saya. Ya rage buri sosai. Ya koma rediyon LoRa na kamfanin Semtech mai 868 MHz, wanda ba ya ɗaukar saƙo mai yawa amma yana ratsa abu fiye da WiFi nesa ba kusa ba, kuma lambar zafi ai 'yan baiti ce ba bidiyo ba (mai odar LoRa ya kula, akwai na Amurka mai 915, idan ka haɗa shi da getwe mai 868 ba za su taɓa jin juna ba). Ya daina binne allon, sai muka sa DS18B20, sensar zafi mai bakin ƙarfe da doguwar waya wadda ruwa baya shiga, ita ke shiga tsakiyar kwando, akwatin da eriya suna ɗaure a baki daga waje. Muka shafe allon da maganin hana tsatsa muka toshe ramuka da gam. Mafi muhimmanci, kowace na'ura tana ajiye abun da ta auna a cikin kanta tare da lokaci, ko rediyo ya yi aiki ko bai yi ba, idan an sauke kaya a zazzage. Tana farkawa duk minti goma ta auna ta koma barci. Ya karɓo wasiƙa mai hatimi daga sashensu da Turanci, ya rubuta bayani da Hausa a baya, aka liƙa lambar wayarsa a jikin kowane akwati. Sannan ya je ya zauna da direbobin a inda suke shan shayi ya nuna musu abun a buɗe, yace ba ya ɗaukar murya, ba ya ɗaukar hoto, kuma wanda bai yarda ba ba za a sa a motarsa ba. Wasu sun ƙi, kuma ban ga laifinsu ba, dan na'urar da ke nuna zafi da lokaci tana iya nuna inda mutum ya tsaya ya daɗe, hakkinsa ne a tambaye shi.

A wannan karon bayanai sun zo. Tumatir ko an tsinke shi yana numfashi yana fitar da zafi, kuma gwargwadon zafin da yake ciki gwargwadon saurin nunarsa da ruɓewarsa, wannan sananne ne a littafi. Abun da layukan Malam suka nuna a fili shine kwandunan tsakiyar lodi basa hucewa ko da dare ya raba, na gefe ne kawai ke samun iskar tafiya. Kayan da aka tsinka da rana tsaka aka ɗora nan take suna shigowa mota da zafin gona kuma da shi suke isowa Legas. Sannan mafi munin lokaci shine idan mota ta tsaya cak da rana, ko lalacewa, ko shinge, ko goslo, har da jiran layin sauke kaya a bakin kasuwar kanta, wanda ba laifin direba bane ba kuma na manomi ba.

Da ya kai wa babansa a waya yana nuna masa layin yana hawa, Alhaji ya duba yace, "Ai mun san wannan tun kana goye." Malam yace, "Haka ne Baba, amma da wa za ka nuna wa?" Kuma nan amfanin ya fito, ba inda shi ya zata ba. Shi yana tunanin tsarin tura saƙo mai ceton batir, 'yan kasuwa kuma abun da suka gani shaida ce. An samu lodin da aka yi cacar baki a kansa, aka buɗe bayanan aka ga tun daga awar farko zafin tsakiya yana sama, wato daga gona aka ɗoro matsalar, direban ya fita. Tun daga ranar wasu direbobin da kansu suke tambaya ko akwai akwati.

Yanzu ga inda lamarin ya zama na aikin jami'a. Lokacin duba ƙarin girma yayi, abokin aikinsa da aka ɗauke su tare, mutumin kirki mai ƙoƙari wanda ya tsaya a kan gwajin kwamfuta, ya cika adadin takardun da ake nema har da ƙari ya wuce. Malam yana da takardar taro guda da wata da ke hannun masu dubawa, sai akwatin na'urori masu aiki da tarin bayanan da babu mai irinsu. Fom ɗin kuma ba shi da layin da za a rubuta wannan. Aka ce ya jira zagaye na gaba. Akwai mujallun da za ka biya su buga maka cikin sati biyu ba tare da kowa ya karanta ba, an ba shi shawarar ya cike gurbin da su, ya ƙi, kuma yayi daidai dan irin waɗannan suna bin mutum har ranar da za a tura takardunsa waje a duba shi a matakin farfesa. Masu kyau irin na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, kuma ko dai ka jira watanni da yawa, ko idan irin IEEE Access ce da kowa ke karantawa kyauta ka biya kusan dala 2,000 a lokacin, ka lissafa wannan da albashin ƙaramin lakcara.

A daidai wannan lokacin wani kamfanin jigilar kayan sanyi ya neme shi da albashin da ya ninka nasa. Matarsa tace ya karɓa, ni ma a raina ban ga abun da zai hana ba, haya a Legas ba ta san kana bincike ba. Ya je wajen farfesansa yace, "Ranka ya daɗe, ni fa na gaji." Farfesan bai roƙe shi ya zauna ba, sai ya ɗauki takarda ya tsaga masa aikin gida huɗu: yadda siginar LoRa ke raunana a cikin lodin tumatir takarda ce mai zaman kanta, lissafin batir da gyaran allo wata ce, bayanan zafin hanya a tsara su a saka inda wasu za su sauke su ambace shi wata ce, labarin rushewar zubin farko ma wata ce. Sannan ya koma MATLAB ɗin da ya guje wa, amma wannan karon ya zuba masa lambobin da ya auna da hannunsa a madadin na ƙarya.

A ganina Malam yana da nasa kason a jinkirin nan. Ya shiga fili da zuciya ɗaya bai tsara tun farko me zai buga a kowane mataki ba, zubin farko da ya lalace bai ajiye cikakken rubutu a kai ba sai da muka riƙa tuno abubuwa daga hotunan waya, kuma bai nemi kuɗin bincike ba alhali TETFund tana da tallafin bincike na cikin jami'a da kuma na ƙasa, ga cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya da ta daɗe tana horar da 'yan ƙasashe masu tasowa a wannan fannin, ga cibiyar IoT ta Jami'ar Ruwanda. Amma kason tsarin ya fi girma kuma yana min ciwo. Fannin da gaba ɗayansa akan na'ura ce da za ta rayu a rana da ƙura da ruwa, a ce wanda ya gina ta ta yi aiki a hanyar Kano zuwa Legas ba shi da maki ko ɗaya a kan ginin, dole yaro mai hankali ya zaɓi zama a gaban kwamfuta, kuma shi ne gobe zai koyar da ɗalibai abun da bai taɓa riƙewa ba. Ina ganinsu suna zuwa shagona lokacin furojet, 'yan aji biyar a injiniya, wasu basu san wace ƙafa ce ta wuta a jikin sensa ba.

Bai bar jami'ar ba. Ya karɓi aikin kamfanin a matsayin mai ba da shawara na 'yan kwanaki a wata, da kuɗin yake sayen kaya. Biyu daga cikin takardun huɗu sun tafi, ƙarin girman yana jiran zagaye mai zuwa, digirin daktan saura rubutu. Ɗalibansa uku yanzu suna zuwa wajena ranar Asabar koyon liƙi, ɗaya yarinya ce 'yar Idi-Araba da hannunta ya fi na sauran tsabta. Kakar rani mai zuwa yana so ya gwada kwandon gargajiya da kiret ɗin roba a mota ɗaya, gefe da gefe, dan 'yan kasuwa sun daɗe suna gardama ko kuɗin kiret da wahalar mayar da shi arewa fanko ya cancanta, kuma shugabannin layinsu Alhaji sun ce idan zai yi su za su ba da motar, shi ya kawo akwatunan.